Zan Sa Babban Turbo, Shin In Faɗaɗa Ramukan Tof Silinda?

Tambayar ta zo ne daga wani mai gareji a Bauchi. Ya ce: "Ina da Passat ƙirar 2002 mai injin 1.8T, lambar injin AWM. Turbon K03 da ke kanta ya fara shan baƙin mai, ina so in sa K04 wanda ya fi shi girma. An ce mini tof silindana mai ƙananan ramuka ne, zai shaƙe injin. Wai ko dai in nemo tof na AEB mai manyan ramuka daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuma in sa a fafe nawa har ya kai girman gasket. Motar ta hawa ce, cikin gari da hanyar Jos da Gombe. Wanne ya fi?"

Malam, ni dai ba ko ɗaya daga cikin biyun da zan ce ka yi. Ka riƙe tof ɗinka na AWM, wato murfin saman injin da bawul da ramukan iska suke ciki, a yi masa gyara mai tsabta a ƙarƙashin bawul, kuɗin da ka ware don tof na AEB, wato tsohon samfurin injin 1.8T, kuma ka zuba shi wajen sanyaya iska da saitin biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Amma tunda kai mai sana'a ne, gara ka ga lissafin da idonka, domin gobe wata motar ce daban za ta shigo garejinka, lissafin kuwa bai canzawa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne maganar nan mai daɗin ji, cewa turbo zai turo iska mai yawa, don haka sai an buɗe mata babbar hanya. Ka tuna yadda ake cika buhun auduga a Gombe. Mutum ya shiga ciki ya yi ta dannawa da ƙafa, buhun bai ƙara girma ba, bakinsa ma yana nan yadda yake, amma in aka ɗora a sikeli sai ka ga nauyi ya kusa ninkawa. To aikin turbo ke nan. Injinka cc 1,781 ne, kuma kowane juyi biyu na karanshaf yake cika silinda huɗun sau ɗaya. A juyi 6,000 a minti, cikawa 50 ke nan a daƙiƙa, wato lita 89 in ya cika maƙil, ko kusan lita 80 in muka ɗauka kashi 90 cikin ɗari yake cika. Wannan lita 80 ɗin ita ce dai, ko da turbo ko babu. Bauchi tana kusan mita 600 sama da teku, matsin iskarta kusan bar 0.94. A ranar zafi ta watan Afrilu, maki 40 a ma'aunin Salsiyos, lita ɗaya ta iska nauyinta bai wuce giram 1.05 ba, ka ga giram 84 ke shiga a daƙiƙa. In turbo ya ƙara bar 1 a kai, intakula kuma, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya danna, ta sauko da zafin zuwa maki 55, lita ɗaya ta koma giram 2.06, jimla giram 165 a daƙiƙa. Masu aikin wannan injin kan raba giram ɗin da 0.8 su sami kimanin ƙarfin doki, nan ka ga doki ɗari biyu da 'yan kai. Nauyi ya ninka, lita tana nan. Ramin shigar iska kuwa lita yake gani. Saboda haka girman silinda da yawan juyin inji su ne ke yanke faɗin rami, ba yawan matsin turbo ba.

Yadda ake lissafa shi ba wuya. Faɗin silindar 1.8T milimita 81 ne, tafiyar fistin milimita 86.4. Fuskar fistin murabba'in santimita 51.5 ke nan. A juyi 6,000, matsakaicin gudun fistin mita 17.3 ne a daƙiƙa. Duk gurbin da fistin ya bari yana sauka, ta rami iska za ta bi ta cike shi, kuma tunda ramin ya fi fistin ƙanƙanta sau biyar, dole ta yi gudu sau biyar. Masu gyaran tof sun daɗe suna neman matsakaicin gudun iska tsakanin mita 80 zuwa 100 a daƙiƙa a daidai juyin da inji ke ba da ƙarshen ƙarfinsa. In ya haura haka da yawa rami ya fara shaƙewa, domin asarar matsi tana ƙaruwa ne da murabba'in gudu. In ya yi ƙasa da haka sosai, iska ta zama raggo. Mu ɗauki 90. In ka taƙaita lissafin duka sai ya zama haka: ka ninka cc na silinda ɗaya da yawan juyi, ka raba da 270,000, abin da ya fito shi ne faɗin rami a murabba'in santimita, a wurin da ya fi tsukewa. Silindarka ɗaya cc 445 ce. Sau 6,000, a raba da 270,000, ya ba ka 9.9. In da za ka riƙa kai injin juyi 7,500, da 12.4 kake buƙata. Gwada shi a kan Camry mai injin 2.4, wanda silindarsa ɗaya cc 590 ce: a juyi 6,000 yana son kusan 13. Ka ga injin da ba shi da turbo, wanda ƙarfinsa bai kai na motarka bayan gyara ba, shi ne ke buƙatar ramin da ya fi girma, don kawai silindarsa ta fi girma.

Sai ka tambayi kanka tsakani da Allah, a wane juyi motar nan take rayuwa? Daga Wunti zuwa Yelwa, da tsayawa da tashi a bayan Keke Napep, allurar ba ta cika wuce 2,500 ba. A hanyar Gombe, in ka wuce Alkaleri ka samu fili, tana wajen 3,000. Lokacin da za ka taka ta sosai shi ne wuce tirela ko hawan tudu bayan Toro, nan ma daga 3,000 zuwa 5,500 ne. K04 da ke shiga Passat kai tsaye ƙaramin turbo ne, ƙarfinsa na tsakiya ne, kafin juyi 6,000 ya fara gajiya. To me za ka yi da ramin da ba ya fara aiki sai bayan turbonka ya ƙare?

Akwai kuma iyakar da bawul ya gindaya, wadda masu fafe rami kan manta da ita. Tof na 1.8T bawul biyar ne a kowace silinda, uku na shiga masu faɗin kusan milimita 27, biyu na fita masu kusan 30, sandar kowanne milimita 6. Maƙogwaron da ke ƙarƙashin mazaunin bawul bai kamata ya wuce kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na faɗin bawul ɗin ba. A ce milimita 23.5. Filin ramin ya kama murabba'in santimita 4.3, a cire gurbin sanda saura kusan 4.05, sau uku ya zama 12 da ɗan ɗori. Duk iskar da za ta shiga silinda ta nan za ta bi, kuma bawul na tof ɗin AEB da na AWM girmansu ɗaya. Ko ka buɗe bakin ramin ya kai 14 ko 15, ƙofar ɗakin tana nan a 12. Zaure kawai ka faɗaɗa.

Kamfanin da ya ƙera injin ma ya riga ya amsa tambayarka. Tof mai manyan ramuka yana kan injinan farko ne na ƙarshen shekarun 1990, irin AEB da AGU, masu doki 150. Wanda ya fi ƙarfi a cikin jerin da aka fi sani, mai doki 225 da aka sa wa Audi TT da S3, wanda ya zo da K04 tun daga masana'anta, irin APX da BAM, ƙananan ramuka gare shi. Yana ba da ƙarfin murɗawa Nm 280 tun daga juyi 2,200, ƙarshen ƙarfinsa kuma a 5,900. Abin da kake nema ke nan kusan daidai. Da suka zo kan injin 2.0 TFSI ma har wasu 'yan ƙyamare suka sa a cikin manifol, wato bututun da ke rarraba iska zuwa ramukan tof, waɗanda ke rufe wani ɓangare na hanyar a ƙaramin juyi don iska ta ƙara gudu ta shiga silinda tana birkima.

Ga abin da ke faruwa in rami ya yi wa inji yawa. A juyi 2,000, ramin da faɗinsa 10 yana tafiyar da iska a kan mita 30 a daƙiƙa. In ka buɗe shi ya kai 14, gudun ya sauko 21. Ƙarfin tunkuɗar iska da murabba'in gudu yake tafiya, saboda haka rabinsa ya tafi. Wannan tunkuɗar ce ke ci gaba da cusa iska a silinda bayan fistin ya kai ƙasa ya fara juyowa, kafin bawul ya rufe. In ta yi rauni, fistin sai ya maido da wani kaso na iskar baya. Na biyu, nozul ɗin injinka a cikin rami yake fesa fetur. Iska mai gudu tana ɗauke feshin ta wargaza shi, mai nawa kuwa sai ta bar shi ya kwanta a bango ya riƙa gangarawa ɗigo-ɗigo. Daga nan ne mota ke fara yin jinkiri in ka taɓa totur, silo, wato juyin inji a tsaye, ya ƙi zama, fulogi ya yi baƙi, mai kuma ya ƙaru. Na uku, cakuɗar da ba ta motsi sosai a cikin silinda a hankali take ƙonewa, kuma ƙonewa a hankali ita ke ba ragowar cakuɗar lokacin fashewa da kanta. Ita ce ƙarar nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in mota tana hawan tudu, wadda in ta daɗe take karya bakin fistin tsakanin ringi.

Abu na huɗu shi ne wanda direba ya fi ji a ƙafarsa. Turbo da hayaƙin inji yake tashi. Kafin ya tashi, motarka injin 1.8 ne kawai mai matsin silinda 9.3, yana jan mota da mutane kusan tan ɗaya da rabi, ga na'urar sanyi a kunne. Duk abin da ya rage cikar silinda a juyi 1,500 zuwa 2,500 ya rage hayaƙin da zai juya turbo, turbo kuma ya makara. K04 dama ya ɗan fi K03 jinkirin tashi. In ka haɗa masa da babban rami, sai ka tarar motar da ka kashe wa kuɗi ta fi ta dā nauyi a cikin gari. Ramin 14 ɗin nan da na ba da misali, bisa lissafinmu, sai a juyi kusan 8,500 zai kai gudun da ake so.

Ba wai babban rami ba shi da rana ba ne. In mutum ya sa turbon da zai ba shi doki 400 ko fiye, ya canza kamshaf da sifirin na bawul don inji ya riƙa kai 7,500 zuwa 8,000, ya sa konrod masu ƙarfi, wato sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, to a nan tof na AEB yana biyan kuɗinsa, domin zai ba da ƙarfi iri ɗaya da ƙarancin matsi, ƙarancin matsi kuma ƙarancin zafi ne. Kuma gaskiya ne iskar da aka danna ta fi asarar matsi a rami ɗaya, tunda ta fi nauyi. Amma waccan motar tsere ce. Motarka kuwa konrod ɗinta na asali ne, kuma masu gina wannan injin sun daɗe suna ɗaukar wajen Nm 400 a matsayin inda konrod ɗin ke fara lanƙwasa, musamman in ƙarfin ya zo farat ɗaya a ƙaramin juyi. Konrod zai tsayar da kai tun kafin rami ya tsayar da kai.

Ko da ka nace sai AEB, ka san ba ɗauka a ɗora ba ne. In ka bar manifol ɗinka na AWM a kan babban rami, iska za ta fito daga tsukakkiyar hanya ta faɗa fili farat ɗaya, ta yi ta juyi a gefe, kuma daidai wurin ne fetur ke fita daga nozul. Sai ka nemi manifol da ya dace ko farantin da ke haɗa ƙarami da babba a hankali. AEB totur ɗinsa na waya ne, naka na lantarki. Tof ɗinka yana da na'urar sauya lokacin kamshaf a jikin abin ɗaure sarƙa, da faifan sensa mai tagogi huɗu, da hanyoyin famfon iska na gefen hayaƙi, na AEB kuwa ba haka ya zo ba, dole a kwashe abin da za a iya kwashewa a mayar, sauran a gyara a biren bos. Sannan tof ne da ya haura shekara ashirin. Waɗannan tof masu bawul biyar an san su da tsagewa tsakanin mazaunan bawul da kusa da ramin fulogi, domin naman wurin siriri ne. Wanda ka saya a kasuwa ba ka san sau nawa ya tafasa ba, ba ka san sau nawa aka kankare fuskarsa ba.

Fafe rami har girman gasket shi ne mafi muni a cikin shawarwarin biyu. Ramin gasket ba ma'auni ba ne, an yi shi da ɗan yalwa ne don ko manifol ya ɗan goce gasket ba zai tare hanya ba. In ka bi shi ka fafe bakin tof da bakin manifol, hanyar za ta zama tsukakkiya, ta kumbura a tsakiya kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, ta sake tsukewa. Iska ta rage gudu, ta sake ƙarawa, duk asara. Abin da ake so a mahaɗar shi ne kada bakin tof ya tsaya wa iska a gaba kamar dakali. In ramin manifol ya fi na tof ƙanƙanta da rabin milimita zuwa milimita ɗaya a kewaye, ba laifi. In ya fi shi girma, nan ne matsala. Ka shafa shuɗin alama ko ɗan giris a fuskar, ka ɗaura manifol, ka kwance, ka ga inda suka saɓa, ka gyara wurin kaɗai, ka shigar da gyaran ciki a hankali tsawon kamar milimita 20 zuwa 25.

Kafin ka taɓa ƙarfe, ka auna. Hanyar da ta fi sauƙi a nan ita ce garin nan da masu haɗa haƙoran roba ke ɗaukar siffar baki da shi. Ka wanke ramin, ka shafa masa basilin kaɗan, ka sa bawul ɗin a wurinsu, ka jingina tof ɗin yadda bakin rami zai kalli sama, ka kwaɓa garin ka zuba. Cikin 'yan mintuna ya daskare. Ka cire bawul, ka turo shi a hankali ya fito da siffar ramin gaba ɗaya, da rassansa uku. Ka yanka shi da reza kowane milimita 10, a gicciye daidai da yadda hanyar ta lanƙwasa, ka danna kowane yanki a kan tawadar hatimi, ka buga a takardar giraf, ka ƙirga gidaje. Gida ɗari na milimita shi ne murabba'in santimita ɗaya. Inda ya rabu uku sai ka haɗa ukun. Ka yi shi nan take, domin in ya sha iskar Bauchi na awa ɗaya zai bushe ya tsuke ya ba ka ƙarya. Silikon na gasket kuwa kada ka gwada, cikinsa ba ya bushewa in ya yi kauri. Abin da kake son gani a takardar shi ne faɗi yana raguwa sannu a hankali daga baki zuwa wurin da ya fi tsukewa, ba tsalle, ba kumburi. In wurin da ya fi tsukewa ya faɗo tsakanin 9 da 11, ramin ya ishi juyi 6,000, ka ƙyale shi.

Inda riba take shi ne milimita 15 zuwa 20 na ƙarƙashin mazaunin bawul. Sa yatsa ka shafa, za ka ji wani ɗan gefe inda aikin injin yanka na masana'anta ya haɗu da zubin alminiyon, wani lokacin zoben mazaunin ma bai zauna daidai da ramin ba. Wannan gefen za ka share har yatsa ya wuce bai ji komai ba. Ka yanka ɗan faifai na gwangwani mai faɗin milimita 23.5 ka liƙa a kan sanda, ya zama ma'auninka: in ya shige maƙogwaro ka tsaya. In ka wuce kashi 90, ka cinye kafaɗar da ke juya iska ta zagaye bawul, iska ta ragu a lokacin da bawul ya ɗan buɗe, kuma ba a mayarwa. Gajeren lanƙwasa na ƙasan rami, inda hanya ke karyowa zuwa bawul, ka mulmule shi kawai, kada ka rage tsayinsa. In ka kwantar da shi iska ta daina bin bango, ta tsallake ta bugi bayan bawul, rabin maƙogwaro ya zama banza. Ƙasan rami gaba ɗaya ma a bar shi. Tudun da ke kewaye da gaid, wato bututun da sandar bawul ke zamewa a ciki, a ɗan sassaƙe gefensa, amma kada a yanke gaid ɗin, bawul mai sandar milimita 6 yana buƙatar duk tsawonsa. Bangon da ya raba rassan a sirance bakinsa kaɗan a bar shi da ɗan zagaye, ba kaifin wuƙa ba.

Sai yankan mazauni mai kusurwa uku, 30 da 45 da 60. Wannan kaɗai ya fi duk wani fafe-fafe amfani, domin bawul ya fi daɗewa a ƙaramar buɗewa fiye da cikakkiya. Faɗin wurin zama na shiga ya kasance wajen milimita 1 zuwa 1.5, na fita 1.5 zuwa 2. Kada a sirance na fita don neman iska. Ta wannan zoben ne bawul ke sauke yawancin zafinsa a jikin tof, hayaƙin injin turbo kuwa yana kai maki 900 da ɗori. In gaid ya yi lako-lako a canza shi kafin a yanka mazauni, in ba haka ba yankan ba zai zauna a tsakiya ba.

Wajen kayan aiki, ka nemi haƙorin kabaid mai manyan tsaga na alminiyon, kana tsoma shi a kananzir don kada ya toshe, sannan sanfefa mai lamba 60 ko 80 a naɗe. A nan za ka tsaya a gefen shiga. Kada ka goge shi ya yi ƙyalli kamar madubi, fetur ya fi kwanciya a bango mai santsi. Gefen fita za ka iya kai shi 120 ko sama don baƙin hayaƙi ya rage kamawa. Ka sa tabarau, ka yi mataki ɗaya a duk silinda huɗun kafin ka wuce na gaba, in ka gama kuma ka auna kowane rami da sirinji da kananzir, bambancinsu kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Ka tuna bayan bangon nan ruwa ne, kuma kaurinsa 'yan milimita ne. Nan ne ake zuwa neman gira a rasa ido. Wanda ya huda shi, wani lokacin ba ya gani sai inji ya yi zafi ruwa ya fara ɓacewa a lagireto.

Gefen fita ma mutane kan yi masa irin wannan kuskuren. Bugun hayaƙin da ke fita lokacin da bawul ya buɗe shi ke juya turbo a ƙaramin juyi. In ka faɗaɗa ramin, hayaƙi ya baje, ya huce, bugun ya yi laushi. Maƙogwaro biyu na fita, a kan kusan milimita 26 kowanne, sun ba ka wajen murabba'in santimita 10, kusan kashi 80 na gefen shiga, wanda ya wadatar. Abin da ke tare hayaƙi a motarka shi ne ƙaramin gidan turbo da abin da ke bayansa. A ƙaramin turbo, matsin da ke cikin manifol na hayaƙi kan haura matsin gefen shiga sosai a babban juyi, kuma shi ya sa ɗan dakalin da ke tsakanin ramin tof da manifol, inda manifol ya ɗan fi girma, yake da amfani: yana rage komowar hayaƙi cikin silinda. Kada ka share shi. In kana son hayaƙi ya sami hanya, ka duba katalis, wato matatar hayaƙi da ke bayan turbo, ko ya toshe, ka sa bututun bayan turbo mai inci 2.5 zuwa 3 mara matsattsen lanƙwasa.

Yanzu ga inda nake so kuɗinka ya tafi. A matsin bar 1 a Bauchi, turbo yana ninka matsin iska sau 2.06, ya ɗan fi abin da zai yi a Legas, a Jos kuwa da ke kusan mita 1,200 ya fi haka wahala. Iskar da ta shiga a maki 40 tana fita daga turbo a wajen maki 140. Ƙaramar intakula ta gefe da Passat ta zo da ita tana jiƙewa da zafi bayan taka biyu ko uku, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata fuska. Fetur ɗinmu kuma bai kai lamba 95 ta octane, wato ma'aunin juriyar fetur ga fashewa da kansa, da injin ya fi so ba, balle wanda aka saya a galan wurin 'yan bumburutu. Zafi da raunin fetur su ne ke sa biren bos ya janye wuta, wato ya jinkirta tartsatsin fulogi, ƙarfi ya zube, ba ƙanƙantar rami ba. Babbar intakula ta gaba, bututu marasa yoyo, bawul ɗin sakin iska mai lafiya, famfon mai da nozul da suka isa, matatar iska ta takarda mai kyau a cikin akwatinta, da saitin biren bos da aka yi don K04 da fetur ɗin da kake sha. In ba a yi saitin ba, K04 ba zai ba ka abin da ka saya ba. Kuma tunda tsohon turbon ya fara shan mai, ka sauke kaskon baƙin mai ka wanke rariyar famfo, ka canza bututun da ke kai wa turbo mai. Wannan injin a Passat an san shi da daskarewar mai, ita ce kuma ke kashe sabon turbo cikin 'yan watanni.

Wajen mayar da tof, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa ka gwada da filagej, wato siraran ƙarafan auna tazara, lanƙwasa kada ta wuce milimita 0.1. A danna wa hanyar ruwa matsi a ga ko tana yoyo. A wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a hure kowace hanyar mai, domin ƙwayar sanfefa ɗaya ta isa ta cinye mazaunin kamshaf. Kusoshin tof na ɗauri ɗaya ne, a sa sababbi, a bi awon da littafin AWM ya bayar. Bel na taimin da abin ɗaurinsa da famfon ruwa su ma sababbi, domin in bel ya tsinke fistin zai tarar da bawul.

Bayan an tayar, ka haɗa kwamfuta mai VCDS, wato manhajar da ke karanta bayanan injin, ka samu miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, wani ya tuƙa kai kana kallo. A giya ta uku, daga juyi 2,000 a take har 6,000. Rukuni na 003 zai nuna giram na iska, 115 zai nuna matsin da ake nema da wanda aka samu, 020 kuma yawan wutar da ake janyewa a kowace silinda. In janyewar ta wuce digiri 6, a rage matsi ko a gyara sanyaya iska kafin a sake takawa. In matsin da aka samu yana zubewa ƙasa da wanda ake nema bayan juyi 5,500 kuma ba yoyo, turbo ne ya kai iyakarsa. Ranar da za ka zargi rami ita ce ranar da matsi ya tsaya cak har 6,500, iska ta yi sanyi, ba a janye wuta, amma giram ya ƙi ƙaruwa, kuma ko a ranar ma kamshaf za ka fara dubawa. Ka yi gwajin da tsakar rana, ba da asuba ba, sau uku a jere, ka kwatanta na farko da na uku.